Shafi na Biyu, Layi na Tara

Laraba, bakwai na safe

Auta bai dawo ba. Jiya da hantsi ya fita gyaran firiji a wani shagon kifi da ke bayan babbar tasha, ya ce kafin ƙarfe biyu yana gida. Abin da ya faru ya faru wajen sha biyu. Ba zan rubuta shi ba, kowa ya ji ƙarar, kowa ya ga hayaƙin.

Walat ɗinsa na cikin wandon da ya tuɓe, da katin shaida da lasin duk a ciki. Ƙato ɗan shekara talatin da ɗaya, kullum sai an bi shi da kayansa. Bari ya shigo, sai ya gane ni ce yayarsa.

Wannan littafin daga shagon da nake aiki na ɗauko shi, cikin waɗanda layinsu ya karkace mai shago ya ce a zubar. Shekara goma sha huɗu ina buga wa mutane takardu, ina gyara musu kuskure, ban taɓa rubuta tawa ba sai yau.

Laraba, biyar na yamma

Wayarsa a kashe. Ta kowa ma rabi a kashe take. Mama ta zuba masa abinci ta rufe.

Alhamis, tara na safe

An rufe titin tasha da ganguna. Na je ofishin 'yan sanda, wani mai gilashi ya ce in tafi babban zauren wasanni, can aka kwashe waɗanda suka ji rauni, likitocin agaji na ƙasashen waje ne ke duba su.

Na je. Ba a shiga. An manna takardu a jikin katanga daga hagu zuwa dama, sunaye bi da bi, daga A har ƙarshe. In ka ga sunan naka, ka nuna wa mai gadi da yatsa, ya ba ka kati ka shiga. In ba ka gani ba, ka koma gida ka dawo gobe. Na roƙe shi ya bar ni in leƙa ko minti biyar ne, ya ce, "Baiwar Allah, dubi bayanki. Duk minti biyar suke nema."

Na kutsa har wajen harafin I. Na duba Iliya, babu. Na duba Ilyasu, babu.

Dole in duba biyun, saboda Auta suna biyu gare shi, kuma duk ɗaya ne. Babanmu da Mama ba addininsu ɗaya ba. Da aka haife shi suka yarda da sunan annabin da kowannensu ya sani a gidansu, sai faɗinsa ya gagara. Baba ya ce Iliya, Mama ta ce Ilyasu. Har Baba ya rasu ba wanda ya sauko. Mu dai muka gaji muka ce Auta, aka zauna lafiya.

Juma'a, sha ɗaya na safe

Yau na karanta takardun kaf, shafi goma sha bakwai, suna ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ko waye ya buga su, Allah ya isa tsakanina da shi. Harafi ya haye kan harafi, wani sunan an maimaita shi sau biyu, wani an cinye rabinsa. Da a shagonmu ne da tuni ya bar aiki.

Akwai wata takarda daban ta waɗanda ba a san sunansu ba, an bayyana kamanninsu da kayan jikinsu. Ba mai rigar aiki shuɗiya irin ta Auta. Akwai kuma ta uku, ta waɗanda suka rasu, a can ƙarshen katanga, wadda mutane ke zuwa wajenta a hankali. Na karanta ta ita ma. Ba ya ciki, alhamdulillahi.

Har baƙi abin ya shafa. A shafi na biyu, layi na tara, akwai wani Elias, namiji, kimanin talatin, ba sunan uba. Na ce Allah sarki, bawan Allah a ƙasar mutane, ko wa zai zo nemansa.

Asabar, huɗu na yamma

Na yi wa dattijo rashin kunya yau, kuma ban ji komai ba.

Maƙwabcinmu ne, tsohon malamin makaranta, duk layi Ƙamus ake ce masa don ba ka isa ka faɗi kalma a gabansa bai ba ka tarihin kakanta ba. Na dawo daga katanga, ya tare ni a bakin famfo.

"'Yata, da wane suna kike nemansa?"

Na ce, "Da nasa mana, Baba. Iliya da Ilyasu, duka biyun."

Sai ya gyara tsayuwa, ya ɗaga yatsa yadda yake yi wa ɗalibai. "To ai sunan nan tsoho ne ƙwarai. Asalinsa Ibrananci ne, ma'anarsa Ubangiji shi ne Allahna. Kuma da ya shiga duniya, kowace al'umma da yadda bakinta ya..."

Na ce, "Baba, don girman Allah. Ƙanena na nema, ba darasi ba."

Ya sauke yatsan. Na wuce na bar shi da bokitinsa.

Lahadi, takwas na safe

An turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa, an ninke ta huɗu, rubutun Ƙamus ne. Mutumin nan ba ya gajiya. Na jefa ta cikin jaka.

Lahadi, shida na yamma

Mama ba ta taɓa keken ɗinkinta ba tun Talata. Kayan mutane na nan a tare kan tebur, an yanka ba a ɗinka ba. Tana zaune kan kujerar keken, ƙafarta a kan matakin, amma ba ta takawa. In mota ta tsaya a layi sai ta miƙe.

Ta ce, "Kin duba Ilyasu da kyau? Kada ki tsaya kan na babanku."

Na ce na duba.

Litinin, goma na safe

Babu.

Talata, sha biyu na rana

Mako guda. Na je shagon kifin ta bayan layi. Ba shago. Na tsaya ina kallon inda yake a da, wani soja ya ce in yi gaba.

Mai shagonmu ya aiko a tambaya ko zan fito aiki, wai takardu sun taru, kowa cigiya yake son a buga masa da hoto. Na je da yamma na buga guda arba'in da uku. Ta Auta ce ta arba'in da huɗu. Na sa sunayen biyu da manyan baƙaƙe, na karanta sau uku, ba kuskure ko ɗaya.

Laraba, tara na safe

An sa wa baƙon nan na shafi na biyu tauraro da jan biro. A gefe an rubuta da hannu, "Ana neman ɗan uwa da gaggawa." Wata mata kusa da ni ta ce irin waɗannan jini suke buƙata, wai an ce ma'ajiyar jinin ta ƙare tun kwana uku. Na ce Allah ya kawo nasa. Na matsa wajen I.

Maganar jini ta tuna min. Shekara shida da suka wuce da aka yi min aiki a ciki, an rasa irin jinina a duk asibitin, wai ba a cika samunsa ba. Auta aka gwada, ya dace. Tun daga nan ban huta ba. In na ce ya ɗebo ruwa, sai ya ce, "Yaya, ki riƙa yi min magana a hankali, jinina ne fa ke riƙe da ke." Ɗan banza. Har leda biyu aka ɗiba, ya fito yana layi yana dariya.

Alhamis, bakwai na safe

Na yi mafarkinsa yana neman walat. Ban gaya wa Mama ba.

Juma'a, biyu na rana

Kwana goma sha ɗaya. Tun safe jikina ba daɗi, ban san dalili ba. Na tsaya a katanga daga takwas har sha biyu. Mai gadi ya san ni yanzu, yana ganina yake girgiza kai tun kafin in ƙaraso.

Mutane sun ragu. Wasu sun samu nasu a ciki, wasu sun samu nasu a takarda ta uku. Mu da muka rage mun fara gaisawa kamar 'yan unguwa ɗaya. Akwai wani tela da ke neman matarsa, kullum da takalminta ƙafa ɗaya a leda. Ban tambaye shi ba.

Asabar, goma na safe

Baƙon nan ya bar shafi na biyu. Na gan shi a takarda ta uku. Ba wanda ya zo masa ke nan. Abin ya tsaya min a rai har na yi masa addu'a a hanya.

Lahadi, biyar na yamma

Na yi faɗa da Mama. Ta sake zuba abinci ta rufe, na ce wa zai ci, kwana goma sha uku muna zubarwa. Ta dube ni ta ce, "Da bakinki?" Na shiga bayi na buɗe famfo don kada ta ji ni.

Tsoro nake ji. Na rubuta, tunda ba wanda zan gaya wa. Ina tsoron in same shi, ina tsoron kada in same shi.

Litinin, sha ɗaya na safe

An manna sanarwa. Waɗanda ke takarda ta uku da ba a zo ɗauka ba, yau za a kai su. Na ga motar ta fita, babba, an rufe bayanta da tamfol. Telan nan ya bi ta da gudu har kwana, sannan ya dawo ya zauna a ƙasa.

Talata

Babu.

Laraba

Babu. Ƙamus ya gaishe ni daga nesa, bai matso ba.

Alhamis, uku na yamma

Ina neman ƙusar manna takarda a jaka, hannuna ya ci karo da takardar Ƙamus. Ta yi laushi, man shafawa ya taɓa gefenta. Ina zaune a kan dakalin da ke fuskantar katanga, ba abin yi, na buɗe.

Zan kwafe ta a nan yadda take.

"'Yata, ki yi haƙuri da surutun tsoho. Na san ba lokacinsa ba ne. Amma na ji an ce baƙi ne ke rubuta sunaye a can, shi ya sa. Sunan ƙanenki ya yi tafiya mai nisa, kuma duk inda ya sauka sai an sake masa riga. A Ibrananci, inda ya fito, Eliyahu ne. Larabawa suka ce Ilyas, daga nan mahaifiyarki ta samo nata. Rashawa na cewa Ilya. Faransawa Élie. Italiyawa Elia. Masu Turanci Elijah. Girkawa kuwa, da yawancin mutanen arewacin Turai, Elias suke rubutawa. Manya sun ɗauke shi, masu zane da marubuta, har ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro keken ɗinki irin na mahaifiyarki sunansa ke nan. Na farkonsu shi ne annabin, wanda a wani labarin aka ce an ɗauke shi sama, mutane suka fita nemansa kwana uku ba su gan shi ba. Ke Allah ya sa ki ga naki. Abin da nake so in ce miki ran nan shi ne, kada ki tsaya a harafin I. Ki duba E."

Na karanta layin ƙarshe ban san sau nawa ba.

Alhamis, shida na yamma

Na je wajen mai gadi na ce Elias, shafi na biyu, layi na tara. Ya ce ai an cire wannan. Na ce na sani. Ya dube ni, ya ce in zo gobe da safe, nas ɗin da ta kula da ɓangaren tana nan.

Ba lallai shi ba ne. Elias nawa ne a duniya? Ƙamus da kansa ya ce suna da yawa.

Na ce wa Mama kaina ke ciwo.

Juma'a, ɗaya na rana

Daga katanga zuwa gadon taku ɗari da sittin ne. Na ƙirga da na fito.

Zauren wasanni ne, har yanzu layukan ƙwallo na nan a ƙasa, an jera gadaje a kansu. Nas ɗin 'yar ƙasa ce, gajera, idonta ya faɗa don rashin barci. Na nuna mata cigiyar da na buga. Ta daɗe tana kallon hoton. Sai ta ɗago ta ce, "Ke ce Yaya?"

Na riƙe ƙarfen gado.

Ta ce an kawo shi ran Talatar, muƙamuƙinsa a karye, hannayensa biyu a ƙone an naɗe su, rigarsa kuwa tun a mota aka yanke ta aka yar. Likitar da ta karɓe shi baƙuwa ce. Ta tambaye shi suna, ya yi ƙoƙari ya faɗa sau ɗaya, ta ji abin da ta ji, ta rubuta yadda ake rubuta shi a garinsu. Sunan uba bai fito ba. Daga nan aka ɗaure bakin. Kalma ɗaya ce ke iya fita ta tsakanin haƙoransa, ita yake ta yi, safe da yamma.

"Mun ɗauka ciwo ne ke sa shi," in ji ta. "Sai daga baya na gane kira yake."

Na ce, "Yana jin ku in kun ce Elias?"

Ta ce da farko ba ya juyowa. Daga baya ya saba.

Na tambaye ta abin da ya kashe shi. Ta ce raunin ciki ne, yana ta zubar da jini a hankali, ana son a yi masa aiki amma ba a yi sai da jini a ajiye, nasa kuma irin wanda ba a cika samu ba ne. Ita ce ta fita da jan biro ta sa tauraron. Ta ce, "Da an samu wani nasa ko zuwa ran Alhamis ne..." Sai ta dubi fuskata ta haɗiye sauran.

Ran Juma'ar da ta wuce ya cika, wajen sha ɗaya na safe. Na duba baya a littafin nan. Ina katanga daga takwas har sha biyu.

Ta ba ni leda. Agogonsa, da ɗan sukundireban gwada wuta da yake maƙalawa a aljihu, da lamba a kan kati: 58.

Asabar, tara na safe

Na gaya wa Mama jiya da yamma. Ba ta yi ihu ba. Ta tashi ta buɗe kwanon da ta rufe, ta tsaya tana kallonsa.

Ta ce, "Ya sha wuya?"

Na ce a'a. Na ce tun ranar Talatar ne, nan take, bai ma san abin da ya faru ba.

Ta ce, "To alhamdulillahi. Abin da nake ta roƙo ke nan, kada ya zama yana wani wuri yana kiranmu."

Lahadi, sha ɗaya na safe

Mun je. Fili ne a bayan gari, sabuwar ƙasa ja, an kafa ƙananan alluna a jere. A na 58 an rubuta Elias da baƙin fenti. Mai kula da wurin ya ce in muna so a gyara, ga fenti ga buroshi.

Na durƙusa na shafe. Na ce, "Mama, Ilyasu ko?"

Ta kalli allon. Sannan ta ce, "Sa Iliya. Wajen babansa ya tafi, shi zai kira shi yanzu."

Shekara talatin da ɗaya tana wannan gardama. Na rubuta, harafin ƙarshe ya karkace. Na bar shi haka.

Litinin, biyar na yamma

Ƙamus ya zo gaisuwa. Ya zauna a bakin tabarma, hularsa a gwiwa, bai ba da tarihin ko kalma ɗaya ba. Da zai tafi na raka shi ƙofa. Ya tsaya, ya rage murya.

"A E kika same shi?"

Na ce e.

Ya rufe ido. Ya ce, "Da na sani da ran Asabar ɗin nan ban fara da Ibrananci ba. Da na ce miki ki duba E kawai. Kalma uku. Ni da bakin nan nawa." Sai ya ce, "Yaushe ya rasu, 'yata? Gaya min gaskiya."

Tsoho ne, ya haura saba'in, shi kaɗai yake zaune. Na ce, "Tun ranar farko, Baba. Ko ka faɗa ba abin da zai canza."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya sa hularsa, ya ce Allah ya yi min albarka.

Talata, bakwai na safe

Mako uku. Mama ta taka keke yau, ina jin ƙararsa daga nan. Tana ɗinka kayan mutanen da ta yanka.

Mama ta san ranar Talata. Ƙamus ya san ranar Talata. A takardar shaidar mutuwar da za a ba mu ma na roƙi nas, ta ce ba ta iya canza kwanan wata, na ce to ni zan karɓa, ba mai gani.

Aikina gyaran kuskure ne, don haka bari in rubuta shi daidai sau ɗaya, a nan.

Kwana goma sha ɗaya ya yi da rai. Na ɗora yatsana a kan sunansa ranar Juma'a ta farko, na ce ko wa zai zo nemansa. Takardar da za ta kai ni wajensa tana cikin jakata tun Lahadi, tana rataye a kafaɗata ina tsaye a katanga. Jininsa leda biyu na jikina. Yana ta kiran Yaya.

Mama na kirana in zo in zura mata zare, idonta ba ya gani sosai. Bari in wanke fuska.